Kafin A Zuba Siminti: Gudun Mota A Sababbin Unguwannin Legas

Titin da ya ratsa tsakiyar unguwarmu miƙaƙƙe ne kamar an ja zare. Daga ƙofar shiga zuwa katangar ƙarshe zai kai mita 600, babu lanƙwasa ko ɗaya, an shimfiɗe shi da bulon intalok sumul, faɗinsa kuma ya isa motoci uku su jera. Ranar da muka zo duba fili a wannan sabon rukunin gidaje da ke bayan garin Ikorodu, titin nan shi ne abin da wakilin kamfani ya fara nuna mana, yana ta alfahari da shi. Ni ma ya shiga raina. Duk wanda ya daɗe a lungunan Agege, inda mota biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ta hau bakin kwata, dole irin wannan titi ya burge shi.

Ba mu cika shekara da tarewa ba na gane abin da muka saya. Wata Laraba gab da magariba yara sun taso daga Islamiyya, wani yaro da bai wuce shekara shida ba ya hango mahaifiyarsa a tsallake, sai ya fizge hannunsa daga na yayarsa ya yanka titi. Ina tsaye a ƙofar gidana na ji ƙarar birki. Jif ɗin ta tsaya tsakaninta da yaron bai fi taku biyu ba, takalminsa ɗaya ya faɗa ƙarƙashinta. Direban ba baƙo ba ne. Maƙwabcinmu ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mutumin kirki. Ya fito jikinsa na rawa, ya durƙusa ya rungume yaron, ya kasa cewa komai.

Da dare na tsaya wurin maigadinmu, wani dattijo Basakkwace da ya fi kowa daɗewa a unguwar, tun tana jeji. Na ce, "Baba, yau Allah ya kiyaye." Ya ce, "Alhaji, ya daɗe yana kiyayewa. Daga nan kan bencina nake jin wanda zai taka wuta tun bai gama shigowa ba. Titin ne ke kiran su."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma duk abin da na karanta daga baya kan sha'anin titi bai ƙaryata ta ba. Yawancin gudun da ake yi a cikin unguwa siffar titi ce ke haifar da shi, siffar nan kuwa ana yanke ta ne a kan takarda, tun kafin a kafa tubalin gidan farko.

Sai mun fara da lissafi, domin mutane da yawa suna ganin tsakanin gudun kilomita 30 da na 50 a awa babu wani abin a zo a gani. Motar da ke tafiyar 30 tana cin mita 8 da 'yan kai a kowace daƙiƙa, mai tafiyar 50 kuwa kusan mita 14. Direban da hankalinsa ke kan titi yana buƙatar kimanin daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa kan birki. A busasshen titi, da tayoyi masu kyau, mai 30 zai tsaya cik a cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai 50 sai ya ci kusan mita 28. To, a lura da abin da wannan ke nufi: a daidai wurin da motar farko ta riga ta tsaya, direban ta biyu yanzu ne ƙafarsa ke isa birki. In akwai yaro a wurin, da cikakken gudun 50 za a buge shi. Ƙarfin bugun kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi, har na 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Bugun mota a gudun 30 kamar faɗowa ne daga tsayin mita uku da rabi. A gudun 50 kamar faɗowa ne daga mita goma, wato daga saman bene mai hawa uku. Babba yakan karye a ƙafa domin nan gaban mota ke samun sa. Yaro, musamman gaban jif mai tsayi, a ƙirji da kai yake karɓar bugun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin titi yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Shi ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙafa. Ƙa'idar titi ta Najeriya ta sa 50 a cikin gari. Wannan ya dace da babban titi mai wurin tsallakawa. A layin da yara ke buga ƙwallo, mata ke aiken 'ya'yansu sayen magi a shagon kusa, 50 ya yi yawa ƙwarai.

Wani zai ce ai sai a kafa allo. Muna da shi. A bakin ƙofa an rubuta 20 da jan fenti ɓaro-ɓaro, kowa yana wuce shi safe da yamma. Direba ba da allo yake auna gudunsa ba, da abin da idonsa ke gani ne. Idan titi ya yi faɗi, ya miƙe, ana hango ƙarshensa, babu bishiya, babu motar da aka ajiye, babu abin da ke giftawa kusa da gilashi, to 50 sai ta zama kamar tafiyar hawainiya, ƙafa kuma ta ƙara nauyi a kan totur ba tare da mai ita ya sani ba. Sababbin unguwanninmu sun ƙara wani abu a kai, wato katanga. Kowane gida ya kewaye kansa da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, titi ya zama kamar rariya tsakanin bango biyu. Direba ba ya ganin taga, ba ya ganin mutum a zaune, sai ya ɗauka babu kowa. Yaron da zai fito daga ƙaramar ƙofa kuwa bango ya ɓoye shi har sai ya taka titi.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Legas. Mutumin da ya taso daga aiki a Ikeja ko cikin tsibiri, ya sha gosulo a Ketu, ya sha a Mile 12, ya sake sha a Agric, ya shafe awa biyu yana jan jiki taku-taku, titin unguwarsa shi ne fili na farko da ya buɗe masa tun da ya tayar da mota. Haka abin yake ga mazauna Ajah da Sangotedo da ke fama da hanyar Lekki zuwa Epe. Ga gajiya, ga ɗokin isa gida. Jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas da aka kafa a 2000, suna can manyan mahaɗai, na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da aka kafa a 1988, suna kan manyan hanyoyi. Ba wanda zai zo ya tsaya a layinmu, kuma bai kamata mu sa ran haka ba. Dole titin da kansa ya riƙe direba.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A garin Delft na ƙasar Holan, a ƙarshen shekarun 1960, aka fara sake fasalin layukan unguwa da gangan domin mota ta ji ita ce baƙuwa a ciki. Aka sa bishiyoyi da kujerun zama da wuraren ajiye mota a karkace, ta yadda ba a iya miƙewa da gudu. A 1976 gwamnatin ƙasar ta shigar da irin waɗannan layuka cikin doka. A Landan kuma an bibiyi alkaluman shekaru ashirin, daga 1986 zuwa 2006, na yankunan da aka mayar da gudu mil 20, wato kimanin kilomita 32, aka ga waɗanda haɗari ke rutsawa da su sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi yawa a tsakanin yara. Abin lura shi ne waɗannan yankuna ba allo kawai aka kafa musu ba, an taɓa jikin titin.

Mu ma mun taɓa jikin namu titin, sai dai mun yi gyaran gangar Auzinawa. Ranar Asabar bayan abin da ya faru ƙungiyar masu gidaje ta zauna, rai a ɓace, aka yanke a yi tudun rage gudu. Aka haɗa kuɗi, aka kira birkila, cikin kwana biyu ya zuba guda bakwai. Kowanne faɗinsa bai wuce kamu biyu ba, tsayinsa kuwa ya kusa ɗani guda, ga kaifi kamar an kwantar da turmi a tsakiyar hanya. Ba a yi musu fenti ba, ba a auna tazarar da ke tsakaninsu ba. Duk wanda muryarsa ta fi ƙarfi a taron, a ƙofar gidansa aka sa ɗaya.

Tudu iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ya sa mutane suka tsani abin gaba ɗaya. Na ƙa'ida, wanda cibiyar binciken tituna ta Birtaniya ta gwada ta fitar a shekarun 1970, tsawonsa ta inda mota ke bi ya kai mita 3.7, tsayinsa kuma santimita 7 da rabi zuwa 10 kacal. Hawansa a hankali yake, saukarsa a hankali. Wanda ya zo da gudun 25 ko 30 zai wuce lafiya, ko shayin da ke hannun fasinja ba zai zube sosai ba. Wanda ya zo da 50 motar za ta ɗaga shi ta dire. Yana hukunta mai gudu, ya ƙyale mai bin doka. Na birkila kuwa akasin haka yake yi. Ƙaramar mota sai ta tsaya cik, ta hau a karkace, duk da haka salansa ta gurji siminti. Babbar jif mai dogayen ƙafafu, wadda ita muka fi tsoro, in ta zo a guje sai ta haɗiye shi, mai ita ya ɗan ji girgiza kawai. Sannan direban da aka tilasta wa tsayawa, da ya sauka sai ya taka wuta don ya rama, ya isa na gaba ya sake taka birki. Waɗanda tudun ke ƙofar gidansu su suka fara kuka da ƙarar injin da hayaƙi, musamman tankokin ruwa da tifofin yashi da ke shigowa tun asuba. Tazara ma tana da ƙa'ida. In ana so gudu ya zauna a wajen 30, bai kamata tudu da tudu su yi nisan da ya wuce mita 60 zuwa 100 ba. In sun fi haka, tsakaninsu ya zama filin tsere.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda suka sha wahalar wannan aiki ba sa cikin masu gudun. Akwai wani saurayi ɗan garuwa da ke kawo ruwa gidajen da ba su haƙa rijiyar burtsatse ba. Kurarsa tana ɗaukar jarka goma, kowace lita 25, kilo 250 ke nan ban da nauyin ƙarfen. Na tsaya na kalle shi a tudu na uku. Ya ja baya, ya tattaro ƙarfi, ya turo, ƙafafun gaba suka daki simintin suka dawo. Ya sake, suka sake dawowa. Sai ya sauke jarka huɗu, ya tsallakar da kurar, ya dawo ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba daga haɓarsa. Haka zai yi a kowane tudu, sau nawa a yini. Na ce masa, "Sannu ƙanena." Ya ce, "Yauwa Yallaɓai, da ma sun bar mana ɗan gefe." Mai keke Marwa ma haka, ƙafa uku ba ta son hawa a karkace, sai ka ga fasinjoji sun riƙe ƙarfe. 'Yan acaba, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne da suka karkato zuwa bayan gari tun da gwamnati ta haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, su ne ke faɗuwa da dare idan babu wuta, domin tudun da ba shi da fenti launinsa ɗaya da titi. Sai a tuna da mai naƙuda da za a fita da ita tsakar dare, da tsohon da ke fama da ciwon baya.

Sai damina ta zo. Wannan ne wurin da duk wani tsari da aka kwaso daga wata ƙasa yake buƙatar a sake auna shi da ƙasar Legas. Garin nan a kwance yake, ruwan sama kuma daga Afrilu zuwa Yuli ba ya wasa, ya ɗan huta a Agusta ya dawo. Titin unguwa shi kansa hanyar ruwa ne, an karkatar da shi kaɗan domin ruwa ya gangara gefe ya bi bakin titi zuwa inda zai faɗa magudana. Tudun da aka ja daga wannan baki zuwa wancan ya zama madatsa. Bayan ruwan farko kowanne daga cikin bakwai ɗin nan ya tara kududdufi a bayansa. Bulon intalok a kan yashi yake zaune, ruwan da ya kwanta yana wanke yashin da ke tsakaninsa, tanka ta bi ta kai, bulon ya lotsa. Kafin ƙarshen damina mun samu rami a gaban kowane tudu, ga sauro. Maganin ba mai wuya ba ne in an yi tunaninsa tun farko. Ko dai a buɗe mashigar ruwa zuwa kwata a gefen da ruwa ke tahowa, ko a bar 'yar siririyar hanya a bakin titi. Amma ita ma hanyar in ta yi faɗi babur zai mayar da ita tasa, ya bi a guje ta daidai inda masu ƙafa ke tafiya. Sai mai ilimin aikin ya auna, ba aikin ido ba ne.

Ni a ganina tudu, ko na ƙa'idar, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a ɗauko, domin faci ne a kan titin da aka riga aka zana ba daidai ba. Akwai abubuwan da suka fi shi, kuma yawancinsu ba sa ƙara wa mai gini kuɗi in tun farko aka yi su.

Na farkonsu faɗi. Layin cikin unguwa mai mita biyar da rabi zuwa shida ya isa mota biyu su wuce juna, har tanka da mota. Namu ya kusa tara. Da an rage shi, ragowar ta isa a yi hanyar ƙafa a gefe biyu, a ɗaga ta sama da titi, a rufe kwata da silab a ɗora ta a kai. Yanzu ɗan makaranta zaɓi biyu gare shi, ko ya bi tsakiyar motoci ko ya bi bakin buɗaɗɗiyar kwata. Ban san dalilin da ya sa za a sayar da fili miliyoyin naira a unguwar da ba ta da inda mutum zai taka ba. Rage faɗi ma yana rage kuɗin bulo. Abin da ke hana shi, masu saye ne irina, da muke ganin faɗin titi shi ne alamar unguwar manya.

Sai miƙewa. Titin da ba a hango fiye da mita 70 ko 80 a gaba ba ya gayyatar gudu. A sabon zane ana iya lanƙwasa shi, ko a sa mahaɗai su saɓa wa juna maimakon su haɗu a gicciye. A tsohon titi irin namu ana iya samun wannan ta hanyar ajiye motoci, a zana wurin ajiyewa a hagu na wani tsawo, sannan a mayar da shi dama, a sa bishiya ko tukunyar siminti a bakin kowanne, sai hanyar ta zama tana karkata kamar tafiyar maciji. Ana kuma iya matse titi a wasu wurare ya zama mota ɗaya ce ke wucewa, dole ɗaya ta jira. Na san za a ce direban Legas ba ya jiran kowa. A babban titi haka ne. A layin da wanda ke gabanka maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a masallaci ko a taron unguwa, mutane suna jira.

Kwana ma tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Kwanar da aka yi mata shan iska mai faɗi tana barin mota ta shige ba tare da rage gudu ba, kuma tana tsawaita tazarar da mai ƙafa zai tsallaka. In aka matse ta, dole a taka birki. A gaban makaranta, masallaci, coci da shaguna kuwa, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga wurin tsallakawa gaba ɗaya ya yi daidai da hanyar ƙafa, samansa shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita shida ko kusa da haka, da fenti fari da baƙi da fitila a kansa. Mota ce ke hawowa wurin mutane, kurar ɗan garuwa da keken guragu kuma su wuce a miƙe. Fitila mai aiki da hasken rana a irin waɗannan wurare ta fi muhimmanci a kan wadda ake ƙawata ƙofar shiga da ita.

Akwai matsalar da ta fi ƙarfin layi ɗaya, ita ce motocin da ba na unguwa ba. Da zarar babban titi ya cushe, danfo, wato bas-bas ɗin haya na Legas, da ƙananan motoci sai su nemi ɓarauniyar hanya, yanzu ma wayar hannu ce ke nuna musu ita. Wanda ke yanke hanya ba ya da ɗa a layin, sauri kawai yake yi. Unguwar Festac ta nan Legas, da aka gina domin bikin al'adu na 1977, tana da darasi a nan duk da lalacewar da ta yi. An tsara ta da manyan tituna, daga su a shiga matsakaita, daga su kuma a shiga ƙananan layuka masu toshewa a ƙarshe, waɗanda ba mai shiga sai mai gida a ciki ko baƙonsa. Tsari irin wannan yana tace motoci da kansa. Illarsa ita ce in ba a bar wa masu ƙafa 'yar hanya a ƙarshen layin ba, wanda zai je shagon da ke bayan katanga sai ya yi zagayen kilomita guda. Don haka a toshe wa mota, a buɗe wa ƙafa.

Mu a Legas da ƙofar ƙarfe muka saba magance wannan. Tana da amfani ta fuskar tsaro, ba na musu. Amma gwamnatin jiha ta sha nanata cewa ƙofofin da ke kan titunan jama'a su kasance a buɗe daga ƙarfe biyar na asuba zuwa sha biyun dare, kuma dalilinta mai ƙarfi ne. Motar kashe gobara ko ta asibiti da ta zo ta tarar da kwaɗo, mai mukulli ya zagaya, mintunan da za a ɓata ba sa dawowa. Duk abin da za a sa a titi sai an tambaya ko waɗannan motoci za su iya wucewa. Shi ya sa a hanyar da suka fi bi ake son irin tudun da aka raba gida-gida, wanda babbar mota ke ratsa shi tsakanin tayoyinta, ƙaramar kuwa dole ta hau. Kuma titin da ya riga ya zama na gwamnati ba a zuba masa siminti da ra'ayin ƙungiya kawai, sai an nemi izini.

Masu motoci suna da ƙorafi, kuma ban raina shi ba. Gyaran ƙafar mota a yau ba ƙaramin kuɗi ba ne, mugun tudu yana cin sa da gaske. Wannan hujja ce ta a yi aikin daidai. Batun ɓata lokaci kuwa na lissafa shi a gaban taro. Mita 600 a gudun 50 daƙiƙa 43 ce. A gudun 30, daƙiƙa 72. Abin da muke jayayya a kai bai cika rabin minti ba, ga mutumin da ya baro awa biyu a Mile 12.

Abin da ya fi damuna a dukan al'amarin shi ne waɗanda ke zama a taron. Masu gidaje ne, kusan dukansu da mota suke shiga da mota suke fita, titin ta gilashi suka san shi. Masu taka shi da ƙafa su ne yara, matan da ke gida, 'yan aikin gida, leburori, mai shayi, mai gyaran takalmi, 'yan garuwa da masu gadi, kuma a irin waɗannan unguwanni kaso mai yawa daga cikinsu mutanenmu ne na Arewa. Ba a gayyatar su, in ma sun zo a bakin ƙofa suke tsayawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambayi Baba kafin a kira birkila, da ya nuna wurare uku kacal da yara ke tsallakawa, ya faɗi lokacin da ake gudun, ya nuna ta inda ruwa ke bi, domin shekaru ya yi yana kallon su. Daga baya da muka tambaye shi, duk ya faɗa, kuma injiniyan da muka ɗauko da ya gama aune-aunensa wuraren nan uku ya zana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Taswirar sabon rukunin gidaje tana bi ta ma'aikatar tsara birane ta jiha kafin a amince da ita, nan ne ya kamata a riƙa tambayar faɗin layuka, hanyar ƙafa da wuraren tsallakawa da irin tsananin da ake tambayar magudanar ruwa. Mu masu saye ma da namu laifin. Muna tambayar takardar mallaka, muna tambayar ko an sallami 'yan omo onile, wato 'yan asalin wuri masu neman a biya su kuɗi a kan fili, muna tambayar ko ruwa na cin wurin. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ta ina ɗansa zai bi zuwa makaranta ba, ni ma ban tambaya ba. Sauya layi a kan takarda aikin yini ɗaya ne. Sauya shi bayan an shimfiɗa bulo, an gina kwata, an ja katanga, sai an fasa an sake, kuma daga aljihun mazauna.

A namu titin mun fasa huɗu daga cikin bakwai ɗin, muka sake gina uku a bisa ƙa'ida da mashigar ruwa, ɗaya daga ciki shimfiɗaɗɗe a gaban Islamiyya. Kuɗin hanyar ƙafa bai haɗu ba tukuna. A bayan katangarmu kamfanin ya fara share kashi na biyu na unguwar. Makon jiya muka leƙa ni da Baba, muka tarar an kafa turaku da jajayen ƙyallaye, sun jeru ɗoɗar har inda ido ya ƙare, faɗin ma irin namu. Mun rubuta musu takarda, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu, muka roƙi a rage faɗin, a lanƙwasa shi a wuri biyu, a fitar da hanyar ƙafa tun ba a kawo bulo ba. Sun ce za su duba. Baba dai har yanzu in shida ta yi yakan bar bencinsa ya taka zuwa gaban Islamiyya, ya tsaya a tsakiyar titi da hannu a ɗage har yaro na ƙarshe ya tsallaka.